Sakan 30 biyu da ba su fara tare ba: yadda aka gano dalilin da dhcpcd ke cika wa'adi a lokacin tashin kwamfuta

Kwamfutar mai Arch Linux ce, ba allo a gabanta, aikinta karɓar fayiloli daga sauran na'urori. Katin sadarwa ɗaya gare ta, enp3s0, mai gudun gigabit, kuma daga uwar garken DHCP, wato na'urar da ke raba wa sauran na'urori adireshi, take karɓar adireshin IP ta hannun manhajar dhcpcd, wadda systemd, mai tayar da hidimomi a lokacin tashin kwamfuta, ke tayarwa da sunan dhcpcd@enp3s0.service. An daɗe a haka lafiya lau. Matsala ta kunno kai bayan an cire ƙaramin suwicin da take jone da shi, irin wanda ba a saita masa komai, aka mayar da wayarta rami na 14 a babban suwici mai saiti, samfurin Cisco Catalyst.

Tun daga ranar, duk lokacin da aka kunna ta sai ta tashi babu adireshi. Ba a samunta ta SSH, hanyar shiga ta daga nesa, rumbun NFS, wato ma'ajiyar fayiloli da take ɗorawa daga wata na'ura, da ke cikin /etc/fstab bai hau ba. Sai wani ya je ya jona allo da madannai, ya buga `systemctl start dhcpcd@enp3s0`, cikin sakan shida adireshi ya zo kamar ba a yi komai ba. A sake kunnawa, a koma gidan jiya.

Wannan bambancin tsakanin lokacin tashi da bugawa da hannu shi ne babbar shaida, kuma tun kafin a buɗe kundin bayanai ya wanke rabin waɗanda ake zargi. Da adireshi sun ƙare a rumbun uwar garke, da ta hana a kowane lokaci. Da an sa ramin a VLAN, wato sashen sadarwa, da ba nasa ba, ko an manta da `ip helper-address` a rauta, saitin da ke miƙa saƙonnin DHCP daga wani sashe zuwa wani, da bugawa da hannu ma ba ta yi ba. Haka batun lambar shaida, wato zaɓi tsakanin `duid` da `clientid` a dhcpcd.conf, wanda wasu uwayen garke ke tuntuɓe a kai: uwar garken da ta ƙi lambar da safe ba za ta karɓe ta bayan minti biyu ba. Katangar tsaron kwamfutar kuwa ba ta cikin maganar, domin saƙonnin farko na dhcpcd ta ɗanyen soket suke fita, ba sa bi ta dokokin iptables ko nftables. Abin da ke lalacewa a lokacin tashi kawai, ya gyaru da kansa daga baya, batun lokaci ne. Wani abu bai shirya ba a sa'ad da aka neme shi.

Abin da kundin ya nuna

An karanta kundin da agogon da ke ƙirga daga tashin kanel, don a ga tazarar da ke tsakanin layuka:

`journalctl -b -u dhcpcd@enp3s0 -o short-monotonic`

6.2 enp3s0: waiting for carrier
9.3 enp3s0: carrier acquired
9.9 enp3s0: rebinding lease of 192.168.20.41
14.9 enp3s0: DHCP lease expired
14.9 enp3s0: soliciting a DHCP lease
36.2 timed out
36.2 dhcpcd exited

Layuka bakwai ne kacal, amma sun kawar da zargi biyu da aka fi fara yi. Na farko shi ne tseren suna, inda manhajar ke tashi kafin udev, mai kula da na'urorin da ke jikin kwamfuta, ya sauya wa katin suna daga eth0 zuwa enp3s0. Da haka ne, da kundin ya ce bai ga katin ba, alhali ga shi nan yana jiran sigina a kansa. Na biyu shi ne direba ko waya mara kyau. Sigina ta zo sakan uku bayan an tayar da katin, wanda shi ne abin da sasantawar gudu ta gigabit kan ɗauka, kuma `journalctl -b -k | grep enp3s0` ya nuna layin Link is Up sau ɗaya tak, babu yankewa da dawowa. An kuma duba `systemctl list-units --type=service` don tabbatar da cewa NetworkManager ko systemd-networkd ba sa kokawa da dhcpcd a kan kati ɗaya. Babu ko ɗaya a kunne.

Layin da ke cewa haya ta ƙare (lease expired), wato lokacin da uwar garke ta ba kwamfuta ta riƙe adireshi ya wuce, yana ruɗar mutane, har wasu su tafi su ƙara tsawon haya a uwar garke. Hayar ba ta ƙare ba. Idan dhcpcd ta tashi da tsohuwar haya a /var/lib/dhcpcd/enp3s0.lease, takan fara roƙon a sabunta mata wannan adireshin, ta jira sakan 5, wanda shi ne zaɓin `reboot`. In ba ta ji amsa ba sai ta jingine tsohuwar ta koma neman sabuwa daga tushe. Tazarar 9.9 zuwa 14.9 ke nan.

A lura kuma da inda wa'adin ya fara. Daga 6.2 zuwa 36.2 sakan 30 ne cif, wa'adin da dhcpcd ke zuwa da shi. Ƙirgar ta fara ne tun da manhajar ta tashi, ba daga zuwan sigina ba, don haka sakan uku sun tafi kafin a aika ko saƙo ɗaya. Kuma idan an tayar da dhcpcd a kan kati ɗaya tilo, kamar yadda dhcpcd@ ke yi, cikar wa'adi na nufin fita gaba ɗaya. Ba ta komawa bayan fage ta ci gaba da gwadawa. A wannan kwamfutar akwai `noipv4ll` a dhcpcd.conf. Ba don shi ba, da ta ba kanta adireshin wucin gadi daga 169.254.0.0/16 ta ci gaba da nema, cutar ta ɓuya a wata kama: kwamfuta ta tashi da adireshin da ba ya kai ta ko'ina na kusan rabin minti, rumbun NFS ya ƙi hawa, sannan adireshin gaske ya iso bayan komai ya riga ya faɗi.

Saƙo yana fita, ba ya isa

Tambayar da ta rage ita ce ina saƙonnin ke maƙalewa. DHCP, kamar yadda RFC 2131 na 1997 ya tsara, musayar saƙo huɗu ce: mai nema ya yi shelar DISCOVER, uwar garke ta miƙa OFFER, mai nema ya ce REQUEST, uwar garke ta rufe da ACK, duk a kan UDP 67 da 68. Don a kalli musayar ba sai an yi ta sake kunna kwamfutar ba. An zare wayar, aka mayar, aka tayar da dhcpcd nan take, matsalar ta maimaita kanta daidai. Zare wayar ya fi `ip link set enp3s0 down` tabbas, domin wasu katunan ba sa kashe siginarsu ko an sauke su da umarni, musamman masu jiran a tashe su ta wayar sadarwa.

Sai aka kunna tcpdump a ɓangarorin biyu lokaci guda:

`tcpdump -i enp3s0 -n -e -tttt port 67 or port 68`

A kan kwamfutar, ga REQUEST biyu, ga DISCOVER uku suna fita zuwa 255.255.255.255, babu amsa. A kan uwar garke, shiru. Ko ɗaya bai iso ba. Tsakanin su biyun kuwa babu komai sai suwicin.

Wanda ya tsaya gaban suwicin ya ga abin da idonsa. Ana mayar da wayar, fitilar rami na 14 ta kama da ruwan lemo, ta zauna a haka rabin minti, sannan ta koma kore. A ɓangaren kwamfutar kuwa fitilar katin tana ci tun sakan na uku. Umarnin `show spanning-tree interface gi1/0/14` ya faɗi sauran: da farko matsayin ramin LIS, bayan sakan 15 ya koma LRN, bayan wasu 15 ya koma FWD.

Aikin Spanning Tree (STP) ke nan, tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, IEEE ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Saƙon Ethernet ba shi da ma'aunin da zai kashe shi in ya daɗe yana yawo, don haka idan aka jona suwici biyu ta hanya biyu, shela ɗaya za ta yi ta kewayawa tana ninkuwa har sadarwar ta durƙushe. Don gudun haka, suwici ba ya amincewa da ramin da ya farka yanzu. Sakan 15 na farko (LIS) saurare yake, ko zai ji saƙon BPDU, irin wanda suwici ke aika wa juna a wannan tsarin, daga wani suwicin. Sakan 15 na biyu (LRN) yana koyon adireshin MAC, wato lambar katin sadarwa, na abin da ke bayan ramin, amma har yanzu ba ya wuce da komai sai ya kai FWD. Duk saƙon da ya shigo a wannan rabin mintin zubar da shi ake yi, ba a ajiye shi a layi, ba a kuma sanar da mai aikowa. Ƙaramin suwicin da aka cire bai san wannan tsarin ba sam, shi ya sa da can ba a taɓa ganin matsalar ba.

A nan kuskuren fahimtar yake. Kwamfuta tana ɗaukar zuwan sigina a matsayin hanya ta buɗe, alhali sigina shaida ce kawai cewa wayar tana da rai tsakanin kati da rami. Babu wata hanya da suwici ke gaya wa dhcpcd cewa ƙofa tana rufe tukuna. Agogon dhcpcd ya fara a 6.2 ya ƙare a 36.2. Agogon suwici ya fara a 9.3 ya ƙare a 39.3. Dukansu sakan 30 ne, amma na dhcpcd ya riga farawa da sakan uku, don haka kullum shi zai riga ƙarewa. Ko sake kunnawa ba tare da yanke wuta ba bai tsira ba, domin idan direba ya hau yakan sake saita katin, sigina ta ɗauke ta dawo, suwici ya fara ƙirgarsa daga farko. Bugawa da hannu kuwa tana yi ne saboda dhcpcd ta fita ta bar katin a tashe, ramin ya riga ya buɗe.

Wanda ba shi da izinin shiga suwicin zai iya samun shaidar daga kwamfutar kanta. Umarnin `tcpdump -i enp3s0 -n -v stp` zai nuna BPDU na isowa duk sakan 2, ɗauke da forwarding-delay 15.00s da max-age 20.00s. Wannan, haɗe da shirun sakan 30 bayan zuwan sigina, ya isa hujjar da za a kai wa mai kula da suwicin.

Gyaran farko, da yadda ya ci amana

Kafin a samu mai kula da suwicin, an yi abin da kowa zai fara yi: aka sa `timeout 60` a /etc/dhcpcd.conf. An sake kunnawa sau biyar, duka biyar adireshi ya zo. Aka ɗauka an gama. Sai aka kashe kwamfutar kwana uku don wani aikin, da aka kunna ta, ta tashi babu adireshi, kundin ya sake cewa timed out, wannan karon bayan sakan 60.

Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin lissafin da ya kai ga 60 yana da ma'ana a ido: ramin yana buɗewa bayan 33, an ba da 60, ai akwai rara. Abin da lissafin ya manta shi ne mai nema ba ya ƙwanƙwasa ƙofa kowane sakan. RFC 2131 ya ce a jira sakan 4 kafin maimaitawar farko, sannan 8, sannan 16, ana ninkawa har 64, kowanne da ƙari ko ragin sakan ɗaya na kan-mai-uwa-da-wabi don kada na'urori da yawa su yi magana tare. Abin da ke da muhimmanci shi ne saƙon farko da zai fita bayan ramin ya buɗe.

Idan akwai tsohuwar haya mai rai, DISCOVER na farko yana fita a 14.9, sai wajen 19, sai 27, sai 43. Ramin ya buɗe a 39.3, don haka na 43 ya wuce. Bayan ACK dhcpcd ba ta ɗora adireshin nan take. Takan yi tambayar ARP, wato shela a sadarwar don jin ko wani yana amfani da shi, abin da ke cin kusan sakan biyar. Adireshi ya zauna a wajen 48, wato sakan 42 daga tashin manhajar, cikin wa'adin 60. Gwaji biyar ɗin nan duk a wannan hanyar suka bi, domin kowane tashi yana barin sabuwar haya ga na gaba.

Hayar wannan sadarwar ta awa 24 ce. Bayan kwana uku ta mutu da gaske, sai dhcpcd ta yar da ita ta fara DISCOVER kai tsaye a 9.9. Jerin ya zama 9.9, 13.9, 21.9, 37.9, 69.9. Na huɗu ya iso ƙofa saura sakan ɗaya da rabi a buɗe, aka zubar da shi. Na biyar kuwa sai a 69.9, alhali wa'adin 60 ya cika a 66.2. Ramin ya yi kusan sakan 27 a buɗe, uwar garke tana zaune tana jira, dhcpcd kuma tana cikin dogon jiranta na sakan 32 har ta fita. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wancan ƙari da ragin: tazara uku kowacce na iya motsawa da sakan ɗaya, don haka wani lokaci saƙo na huɗu yakan faɗo bayan 39.3 ya wuce. Irin wannan ne ke haifar da rahoton "wani lokaci tana yi, wani lokaci ba ta yi", wanda ya fi kowanne wahalar bi.

Duk wanda zai gwada gyaran wa'adi, to ya goge fayil ɗin haya kafin gwajin. Gwaji da haya mai rai rabin gwaji ne.

Gyaran da ya zauna

Maganin yana kan suwici, inda jinkirin yake. Ramin da kwamfuta ɗaya ce a bayansa ba zai haifar da kewaye ba, don haka ba shi da dalilin jira. Cisco na kiran wannan saitin PortFast, ƙa'idar 802.1w ta 2001 kuma tana kiran irin ramin da ramin gefe. Ga abin da aka sa:

interface gi1/0/14
 switchport mode access
 spanning-tree portfast
 spanning-tree bpduguard enable

A wasu sababbin nau'o'in IOS, manhajar suwicin Cisco, umarnin `spanning-tree portfast edge` ne. Aka adana da `copy running-config startup-config`, domin saitin da ba a adana ba yana tafiya da ɗaukewar wuta ta farko, matsalar ta dawo bayan kowa ya manta da ita.

Layin bpduguard ba ado ba ne. PortFast ya cire jiran da ke kare sadarwar, to dole a sa wani mai gadi a madadinsa: idan wata rana wani ya zare kwamfutar ya jona suwici a ramin, BPDU na farko da ya shigo zai sa a rufe ramin. Kashe Spanning Tree gaba ɗaya, wanda wasu ke ba da shawara don shi ma yana kawar da jinkirin, ba abin yi ba ne. Waya ɗaya da aka jona bisa kuskure ta isa ta tsayar da kowa. Sauya suwicin zuwa Rapid PVST+, nau'in 802.1w mai sauri na Cisco, kaɗai ma ba ya wadatarwa. Saurin 802.1w ya dogara ne da musayar amincewa tsakanin suwici da suwici, kwamfuta kuwa ba ta amsa wannan tayin, don haka ramin da ba a ayyana shi na gefe ba yakan koma ga tsohuwar ƙirgar. Wasu samfuran suna gane ramin gefe da kansu idan sakan uku suka wuce ba su ji BPDU ba, amma wannan abu ne da ake dubawa a suwicin da ke gabanka, ba a ɗauka kawai.

Akwai ribar da ba a nema ba. Ramin da ba na gefe ba, duk sa'ad da ya buɗe, suwici yana shelar cewa tsarin sadarwa ya sauya, sauran suwici su gajarta ajiyar adireshin MAC daga sakan 300 zuwa 15. Wato kowace kunnawar wannan kwamfutar tana sa sadarwar duka ta yi ta watsa saƙonni barkatai na ɗan lokaci. PortFast ya tsayar da wannan ma.

Gargaɗi ɗaya ga kwamfutar da ke ɗauke da na'urorin cikin-manhaja a kan gadar Linux, wato suwicin manhaja da ke cikin kwamfutar: idan gadar tana da STP a kunne, ita ma tana fitar da BPDU, bpduguard kuma zai rufe mata ramin nan take. A duba `ip -d link show br0`, a ga stp_state da forward_delay. Lambar 1500 a wurin tana nufin sakan 15, kuma irin wannan jinkirin na iya samun na'urorin cikin gadar ko da suwicin waje ba shi da laifi.

A ɓangaren kwamfutar ma an yi gyara, domin suwici ba shi kaɗai ke iya makara ba. Bayan ɗaukewar wuta, kwamfuta kan riga suwici da uwar garke tashi, kuma manhajar da ke fita bayan yunƙuri ɗaya za ta bar na'urar a yashe. Sa `timeout 0` don ta jira har abada yana da nasa tarkon: dhcpcd@ tana riƙe systemd har sai adireshi ya zo, shi kuwa systemd yana kashe hidimar da ba ta gama tashi ba cikin sakan 90. An zaɓi `timeout 80`, wanda ya rufe mafi munin lissafin da ke sama, kusan sakan 71 har da tambayar ARP, kuma yana ƙasa da 90. Sannan da `systemctl edit dhcpcd@enp3s0` aka ƙara `Restart=on-failure` da `RestartSec=10` a sashen Service, don in ta fita ta sake tashi. Hanya ta biyu ita ce a koma dhcpcd.service mai kula da duk katuna, wadda ke komawa bayan fage ta ci gaba da nema idan wa'adi ya cika. Ba a bi wannan hanyar ba ne saboda rumbun NFS yana buƙatar adireshi ya riga shi zuwa. Shi ma rumbun an ƙara masa `x-systemd.automount` a fstab, don ya hau a sa'ad da aka fara taɓa shi maimakon ya faɗi sau ɗaya a lokacin tashi ya zauna a faɗe. Ba a sa `noarp` ba duk da zai rage sakan biyar, domin tambayar ARP ita ke hana na'urori biyu haɗuwa a adireshi ɗaya.

An gwada ta hanyoyi uku: sake kunnawa da haya mai rai, sake kunnawa bayan `rm /var/lib/dhcpcd/enp3s0.lease`, da kunnawa bayan an yanke wuta gaba ɗaya. A duka ukun fitilar rami na 14 ta koma kore da zuwan sigina, tcpdump a kan uwar garke ya ga saƙon farko ya iso, kundin kuma ya nuna carrier acquired a 9.3, probing address a 10.1, leased 192.168.20.41 for 86400 seconds a 15.2. Umarnin `systemd-analyze blame`, wanda a da yake nuna dhcpcd@enp3s0.service da sakan 30, yanzu sakan 9 yake nunawa: uku na sasantawar gudu, ɗaya na musayar DHCP, biyar na tambayar ARP.